Mutumin da Ya Tarwatsa Kasuwa

Kwana tara ke nan da Suhaibu ya tarwatsa kasuwar Birnin Gwari, shi kaɗai, yana zaune a kujerar roba, ko wuƙar yanka albasa babu a hannunsa.

Duk wanda ya ba da labarin sai ya ƙara masa gishiri, musamman waɗanda suka fi kowa gudu. Ga yadda abin ya faru.

Suhaibu yana da gidan kallo a bakin kasuwa, kuma shi ke fassara fina-finansa da kansa. Ba ruwansa da na rawa, ba ruwansa da na faɗa, sai na ban tsoro. Yakan rataya barguna a bangon ɗakinsa don su shanye hayaniyar waje, ya zauna gaban kwamfuta da makirufo, ya zama tsohuwa, ya zama jariri, ya zama abin da ke tsaye a bayan ƙofa, duk da maƙogwaro ɗaya. Bayan azahar yake haskawa, a tashi tun rana na da sauran zafi, don a garin nan ba mai son magariba ta riske shi a hanya.

Akwai fim ɗin da ya fifita a kan kowane, wani tsoho marar kala daga ƙasar sanyi. Wasu iyali ne a gona a bakin daji, wani abu yana zo musu daga cikin itatuwa, ba a taɓa nuna shi ba. Alamar zuwansa kawai wani siririn kiɗan goge ne.

Ranar da ya fara haska shi, goge na tashi sai ɗakin ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ashe dodon da makaɗinsa yake yawo."

Suhaibu ya yi kwana uku abinci ba ya masa daɗi. Sai ya tambayi kansa, wane sauti ne ke yi wa mutumin Birnin Gwari abin da goge ke yi wa mutanen can? Bai daɗe yana tunani ba. Ba wanda zai daɗe. Ya je tashar 'yan acaɓa ya ɗauki ƙarar babura uku a waya, ya yi ta ninka ta a kwamfuta har ta zama ta talatin, ya nisanta ta, ta koma kamar daga bayan gari suke tahowa, a hankali, suna ƙaruwa.

Aiki ne na gwani. Abu ɗaya ya manta, wayar lasifikar da ke kan rufi, wadda ke fuskantar kasuwa, wadda yake tallar ƙwallo da ita. Ranar da ya sake haska fim ɗin, bai zare ta ba.

Minti uku aka yi. A cikinsu wani dattijo da ya shekara goma yana dogara sanda ya bar sandar a rumfar mai goro, ba a sake ganinsa ba sai a ƙofar gidansa. Ba a rasa rai ba. Tumatir dai ya sha taku, kuma Gwaggo Jamilatu ta faɗa kwata, ƙashin idon sawunta ya goce.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Da ƙura ta lafa, aka ga Malam Nababa, ƙanin Gwaggo, a tsakiyar layin 'yan barkono, a durƙushe, hannuwansa biyu a kansa, goshinsa na kallon ƙasa. Haka aka koya masa. Bara aka ɗauke shi a gonarsa ta bayan Randagi, ya yi kwana hamsin da uku a daji, ya dawo ya tarar an binne matarsa. Tun daga nan bai taɓa ce wa kowa uffan a kan abin da ya gani ba.

Shi ne mahaifin Karima. A ƙarshen makon da abin ya faru ne aka shirya manyan Suhaibu za su zo neman aurenta.

* * *

"A hankali, ke. Ƙafa ce, ba fura kike kirɓawa ba."

Karima ta sake tsoma tsumman a ruwan zafi, ta matse, ta ɗora. Tun da ta taso daga makarantar firamaren da take koyarwa ko hijabi ba ta cire ba.

Gwaggo ta ce, "Ya sake kiranki?"

"A'a."

"Ya yi wa kansa. Na faɗa miki, in dai ina numfashi yaron nan ba zai zauna a tabarmar gidan nan a matsayin suruki ba. Ba don ƙafata ba. Ƙafa ta warke ko ta ƙi, ita ta sani. Ubanki aka durƙusar a gaban mahauta da 'yan dako. Mutumin da ko limami sai ya miƙe in ya shigo."

"Gwaggo, mantuwa ya yi."

"Wayar ya manta. Baburan fa, su ma mantuwa ce ta haɗa su? Zama ya yi, ya zaɓa, ya gyara. Ya duba duk duniya ya ɗauko abin da ya kashe uwarki ya mai da shi abin kallo."

Karima ta sunkuyar da kai. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne babu ƙarya ko ɗaya a maganar.

Aka yi sallama daga tsakar gida. Ƙamshin turaren ya riga mai shi shigowa. Abdulfattah ne, mai kemis ɗin da ke kallon tasha, wanda ya shekara biyu yana neman Karima da haƙurin mai jiran layi. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da laifi ba, don bai taɓa yin wani abin da za a tuna ba. Tun ranar kasuwar kullum sai ya zo da sabon bandeji.

Ya tsuguna a bakin ƙofa. "Hajiya, ya ƙafar?"

"Da sauƙi, ɗan albarka. Ga malamar taku nan tana ƙoƙarin ƙarasa ni."

Ya yi dariya daidai gwargwado, ya juya ga Karima. "Malama Karima, ni fa har yau abin ɗaure mini kai yake. Me mutum zai samu a kallon tsoro? Wanda muke kwana da shi muke tashi da shi bai isa ba, sai an sayo na waje?"

Ta ce, "An ce kai ka fara rufe shago ranar."

"Magani ne a ciki."

"Har da matar da ta zo sayen maganin ka bari a waje."

"Ke, rufe mini baki," in ji Gwaggo. "Shi ya rufe ƙofa, naki ya buɗe masifa. Abdulfattah, ka ce wa manyanka su zo Juma'a bayan an sauko masallaci. Muna gida."

Karima ta ɗago. "Gwaggo, Baba ya sani?"

"Ubanki ba ya son a dame shi. Ni na san abin da yake so."

Haka ake yi a gidan tun da ya dawo. Ana dafa masa abin da aka san yana so, ana rage muryar rediyo, ana yanke magana in ya shigo. Kowa ya san abin da Malam yake so. Ba wanda ya tambaye shi.

Ruwan ya huce. Karima ta ɗauki kwanon ta fita, hawayenta na ɗiga a ciki.

* * *

Washegari da aka tashi makaranta ta samu Suhaibu a gindin dogon yaron da ke bakin ƙofar makarantar. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Shugabannin kasuwa sun sa an garƙame gidan kallon, shi kuma ya bi rumfa rumfa yana ba da haƙuri, wasu su yafe, wasu su tofar da yawu.

Ya ce, "Malama."

"Sai yau ka ga dama?"

"Da wane baki zan kira ki?"

"Da wanda kake muryar tsohuwa mana. Ai ba ɗaya gare ka ba."

Ya so ya yi murmushi, bai samu ba. "Zariya zan tafi. Wani abokina yana da shagon tura fim a waya, ya ce in zo. Na ce kada ki ji a bakin wani."

Ta jingina da itacen.

"Tambaya ɗaya zan maka, Suhaibu, kuma kada ka gyara mini amsar. Lokacin da kake haɗa ƙarar nan a ɗakinka, ka tuna Baba?"



"Na tuna."

"Sai ka ce me?"

"Na ce ai ba ya zuwa kallo. Akwai wanda ya fi wannan muni. Da na gama na sa a kunne, tsigar jikina ta tashi, ni da na haɗa. Sai na ji daɗi, Karima. Na ce yau na yi wa mai fim ɗin nan adalci. Yau mutanenmu za su ga abin da na gani."

Kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da gefen hijabi don kada masu wucewa su ji.

"Da ka yi mini ƙarya. Da ka ce ba ka tuna ba, in samu abin da zan riƙe a gaban Gwaggo."

"Kin ce kada in gyara."

"Yaushe ka fara jin maganata?"

Da za ta iya tsanarsa da ta huta. Amma shi ne mutumin da ya koya mata kallo. Kafin ta san shi, a wurinta fim ɗin tsoro jini ne da haƙora da mace mai gudu tana faɗuwa ba dalili. Shi ya ce mata waɗannan na masu gaggawa ne. Ya ce manyan ba su wuce goma ba a duk waɗanda ya gani, kuma babu ɗayansu da ke nuna maka komai, jira kawai suke sa ka, su bar ka da abin da ka taho da shi daga gida.

Ya tura mata na telan da wani baƙo ke kawo wa awo kullum da safe, ya ɗinka fararen kaya bai san na wa ba, har ranar da ya duba takardar ya ga tsawon nasa hannun ne. Ya tura mata na garin da inuwar mutane ta fara riga su isa gida, matansu na ba ta abinci. Sau huɗu ta kalli wannan. A karo na huɗu ba hoton take kallo ba, saurare take, yadda Suhaibu ya san inda zai yi magana da inda zai yi shiru. Sauran masu fassara ba sa barin wuri, ko ƙofa ce ta buɗe sai sun ce ta buɗe. Shi yakan bar minti biyu cur ba ya cewa komai, sai numfashi. A cikin wannan shirun ta fara sonsa.

Ta share fuska. "In ka tafi ka tabbatar musu. Za su ce ya yi ɓarna ya gudu."

"In na zauna kuma kullum Baba zai riƙa ganin mutumin da ya durƙusar da shi. Ba zan iya ba. Na je ƙofar gidanku sau uku, in na hango shi a zaure sai in juya."

"Juma'a manyan Abdulfattah za su zo."

Ya rufe ido. Da ya buɗe sun yi ja.

"Mutumin kirki ne," in ji shi. "Ba zai taɓa ba kowa tsoro ba."

"Kar ka sake. Kar ka yi mini muryar mai haƙuri, na san duk muryoyinka. Shekarata ashirin da shida, ba wanda zai ɗaura mini abin da ban so. Amma in na ƙi shi, kai kuma ka tafi, me na ƙi dominsa? In zauna ina gasa ƙafa har in tsufa?"

"Me kike so in yi?"

"Ban sani ba. Da na sani da na yi da kaina. Ka dai kai Juma'a."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ta tafi ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

A zaure ta tarar da mahaifinta inda yake wuni, a kan buzu, carbi a hannu, idonsa a kan titi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙe za ta wuce kamar kullum.

"Karima."

Ta tsaya cak.

"Ki aika wa yaron nan ya zo gobe bayan azahar." Bai kalle ta ba. "Ya taho da abin."

* * *

Tun daga bakin titi Suhaibu ya cire takalmi. Karima na laɓe a bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida, tana ganinsu ta tsakanin tsinkayen. Ya tsuguna nesa, jakar kwamfuta a ƙirjinsa, ya fara kawo haƙurin da ya kwana goma yana shiryawa.

Malam Nababa ya ɗaga hannu. "Matso. Kunna."

"Baba, na cire ƙarar. Na mai da gogen yadda yake."

"Wanda ka yi na ce."

Suhaibu ya buɗe kwamfutar, ya ɗora ta a kan turmin da aka kifa, ya rage sauti ƙasa sosai. Ya janyo ƙyauren waje don haske ya ragu.

Karima ta taɓa kallon fim ɗin, amma yau ba shi take kallo ba. Hannuwan mahaifinta take kallo.

Gidan gona ya bayyana, fari da baƙi, bayansa itatuwa tsaye kamar masu jiran a sallame su. Mutum shida a kan abinci. Dare ɗaya aka yi, da safe sun koma biyar. Uwar gidan ta jera kwano shida kamar yadda ta saba, ta zuba wa na shidan, kowa ya sunkuya yana ci, ba wanda ya kalli wurin da ba kowa. Sai muryar Suhaibu ta fito daga bakinta, muryar mace mai riƙe kuka da haƙori: "Ku ci, zai huce."

Carbin ya tsaya a hannun Malam.

Can sai kare ya ɗaga kai. Daga nesa, ƙasa ƙasa, baburan suka fara tahowa.

Karima ta ga kafaɗun mahaifinta sun sauka. Ta ga hannuwansa sun bar cinya sun fara yin sama, har sun kai ƙirji. Ta kama asabarin za ta faɗa ciki. Sai ya dunƙule su, ya mai da su ƙasa da ƙarfi kamar mai danne bakin buhu.

"Tsayar."

Suhaibu ya tsayar.

"Ka yi kuskure."

"Na sani, Baba. Wallahi na tuba, duk hukuncin da..."

"Ba wannan ba. A aikin. Ba haka suke zuwa ba." Muryarsa a bushe take, kamar ta mai bayanin taki. "Wannan ƙarar ta masu shiga gari ce. In gona za su zo, tun daga nesa suke kashe inji su turo. Abin da za ka fara ji shi ne ba ka jin komai. Kurciya ta daina. Gyare ya daina. Kana riƙe da fartanya kana tunanin me ya canja. Sai iska ta kawo maka warin fetur, a wurin da ba hanya."

Malam ya ci gaba.

"Na juya, ga su a bayana, ɗaya yana cin gyaɗar da na tuge. Ya ce, Baba, gyaɗar nan ta yi kyau. Na ce masa na gode." Ya girgiza kai. "Na gode na ce masa. Ci gaba."

Suhaibu ya danna. Hawaye na bin fuskarsa, bai share ba.

Suka kalla har ƙarshe. Biyar suka koma huɗu, huɗu suka koma biyu. Ba jini, ba ihu, ba a ga komai ba sai ƙofa a buɗe da safe. Daga ƙarshe tsohon gidan ne ya rage shi kaɗai. Ya tashi, ya hura wuta, ya jera kwano shida, ya zauna ya juya wa taga baya. A nan Suhaibu bai sa murya ba, bai sa babur ba. Hoton ya daɗe a kan bayan tsohon, sannan ya yi baƙi.

An fara kiran la'asar a masallacin unguwa kafin Malam Nababa ya yi magana.

"Wanda ya yi wannan, an taɓa ɗauke masa wani."

"Ban sani ba, Baba. An ce bayan wani yaƙi ya yi shi."

"An ɗauke. Dodon ba komai ba ne, kowa zai iya dodo. Kwanon nan shi ne. Ya san gidan da ake yi wa mutum shiru don ana ƙaunarsa." Ya gyara zama. "Ashe akwai masu hankali a can."

Ya dubi Suhaibu sosai, karo na farko.

"Shekara guda ina jin tsoro ni kaɗai. A masallaci, a kasuwa, a nan inda nake zaune. Mutane na wucewa suna ciniki, suna dariya, suna ce mini Malam ai ya wuce, a gode wa Allah. Ina godewa. Amma ranar nan, ina durƙushe, na saci ido na ga garin nan kaf yana jin abin da nake ji. Masu ce mini ya wuce, na ga tafin ƙafarsu. Tun da na dawo, ranar ce kaɗai ban zama baƙo a garin nan ba."

Suhaibu ya buɗe baki, Malam ya tare shi.

"Ban ce ka kyauta ba. Ka karya mini 'yar'uwa, kuma da akwai mai ciwon zuciya a kasuwar da yanzu wani zancen ake. Wannan tsakaninka da Allah da mutanen da ka kora. Amma mutumin da ya san inda ciwo yake har ya taɓa shi daidai, ba wawa ba ne. Saura ya koyi sallama kafin ya taɓa." Ya miƙa hannu ya jawo buta. "Ka ce wa manyanka Alhamis. Su zo da wuri, ina da baƙin da zan aika wa kada su wahalar da kansu Juma'a."

Suhaibu ya kifa goshinsa a bakin buzun yana kuka.

"Tashi, kar ka jiƙa mini buzu. Mu je salla."

Karima ta zame ta zauna a ƙasa a bayan asabarin, ta cusa fuska a gwiwa. Dariya take ko kuka, ita kanta ba ta sani ba. Sai da takunsu ya yi nisa ta tuna cewa bango ɗaya ne tsakanin zaure da ɗakin Gwaggo, kuma bangon bai kai rufi ba.

* * *

Ta same ta zaune a bakin gado, ƙafar a miƙe a kan kujera, ta shimfiɗa zani tana jera kayanta a kai. Atamfa uku, carbi, kwalbar man zafi, hoton mahaifiyar Karima.

"Gwaggo, me kike yi?"

"Miƙo mini kallabin can."

Karima ba ta miƙo ba. Ta durƙusa ta riƙe gefen zanin. "Don Allah ki saurare ni."

"Na saurara ai. Awa biyu ina saurare. Shekara guda ina kai masa abinci har gabansa, ina hana yaran maƙwabta buga ƙwallo a bangon nan, ban taɓa jin labarin gyaɗa ba. Sai yau, da mai lasifika ya zo."

"Ba ki tambaye shi ba, Gwaggo. Ba wanda ya tambaye shi."

"Shi ya tambaye ni?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kwana hamsin da uku waya na cikin zanina. Ni suke kira. Ni suke sa wa a kunne in ji ana dukansa. Ni na bi dangi gari gari, ni na wanke uwarki da hannun nan, na dawo na ɗauki waya na ce masa tana gaishe shi. Ya ce shi kaɗai yake jin tsoro. To ni da wa nake ji? Ranar kasuwar nan da na ji baburan, ba kaina na gudar wa ba. Wajensa na nufa. A hanyar zuwa wajensa na faɗa kwatar."

Karima ta kifa kai a cinyarta tana kuka. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Ina za ki sani, ba a fim yake ba."

Ta bar ta ta yi kukan, har ta ɗora mata hannu a ka, kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Sannan ta janye hannun ta haɗa bakin zanin, ta ƙulle.

"Ki aure shi. Ban yi miki baki ba, ba zan yi ba. Allah ya ba ku zaman lafiya. Gobe da safe ki nemo mini mai mota, ƙauye zan koma."

Karima ta ɗago a firgice. "Gwaggo, gidan ba kowa. Ko ƙyaure babu. Dajin yana bayan katanga."

"Na fi ki sani, a can aka haife ni."

"To me za ki je yi?"

Gwaggo ta jawo ƙullin ta ɗora a cinya, ta rungume.

"Su can in sun zo, ko me suka yi mini, na san ba nawa ba ne."